Buta a Bayan Labule

Shekara talatin da biyu Malam ya yi yana koya wa 'yan sakandare yadda abinci yake bin cikin mutum, har ɗalibai suka laƙaba masa suna Malam Hanji. Da ya yi ritaya an karɓe aji, amma ba a samu wanda ya iya karɓe bakinsa ba. Sai ya mai da falon gidansa aji, ya mai da mu ɗalibai, ni da Tela na bakin layi wanda idonsa ya yi rauni ya bar wa 'ya'yansa keken ɗinki. Ni kuwa mai gyaran famfo ne, gidana katanga ɗaya da na Malam. Kullum da safe nakan shiga in tura jakar kayan aikina ƙarƙashin kujera, in zauna jiran wanda zai kira ni a waya. Ba zan yi muku ƙarya ba, shayi ne yake kai ni, ba neman ilimi ba.

A kan teburin falon akwai wani mutum-mutumin roba marar kai da ƙafa, wanda Malam ya taho da shi daga makaranta ya ce ai dama ya tsufa. Cikinsa a buɗe yake, ana ciro kayan ciki ɗaya-ɗaya. Malam zai ciro tumbi ya ɗaga sama, ya ce nan ne ake jiƙa abinci da wani ruwa mai tsami. Ya zaro ƙaramin hanji ya ce tsawonsa ya kusa mita shida, a nan jiki yake tsotse amfanin abin da ka ci. Sannan ya shafa babban hanji kamar mai shafa kan jikansa, ya ce wannan shi ne gwani, aikinsa tsotse ruwa daga abin da ya rage kafin a sallame shi. Tela ya ji wannan darasi ya fi sau ɗari, amma kullum sai ya ce ikon Allah, don a ƙara masa sukari.

Yanzu bari in gaya muku yadda gidan yake, don a nan maganar take. Kana shigowa falo ne. A cikin falon, dab da kujerar da nake zama, akwai ƙofar bayi. Wanda ya kafa ƙofar nan Allah ya shirye shi, ya bar taga guda a samanta, ko tari ka yi a ciki sai na falo ya ce maka sannu. Daga falo sai labule, bayan labule ɗakuna da kicin, can ƙarshe ɗakin Inna, surukar Malam, uwar matarsa, tsohuwa mai kunya da ƙarancin magana. Kusa da ɗakinta akwai ɗan ƙaramin bayi, nata ita kaɗai.

To wannan bayi na Inna shi ne ya toshe.

Ranar da na ji, na ce wa Malam bari in leƙa. Ya ɗaga mini hannu ya ce in zauna, wanda ya san hanji ai ya san bututu, duk hanya ɗaya ce, shi da kansa zai gyara ran Asabar. Asabar ta zo ya zura sanda ya juya, ya ce ya gano matsalar, sai wata Asabar. Kafin wata Asabar ɗin aka kawo masa kwalayen littattafansa daga makaranta, aka rasa wurin ajiya. Ya duba ya ga ga bayin Inna nan zaune ba aikin fari ba na baƙi. Aka jera kwalaye har rufi, ya sa kwaɗo, ya ce wa matarsa ta gaya wa Inna ta riƙa amfani da na falo kafin ya samu sarari.

Kwana biyu tsohuwa ta daure. A na uku muna tsakiyar darasi sai labule ya motsa, ta fito da buta, ta ja mayafi har goshi, ta gaishe mu ƙasa-ƙasa ta shige. Malam ya ci gaba da bayani. Can sai ga wata ƙara ta fito ta saman ƙofa, irin wadda kowane ɗan Adam yake yi, wadda mai hankali yake yin kamar bai ji ba. Ni na ƙura wa kofina ido. Tela ya hau tarin ƙarya. Amma Malam sai fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir, ya ɗaga yatsa.

"Yawwa, kun ji wannan? Ga misali ya kawo kansa. Iska ce, aikin ƙananan halittun da ke zaune a babban hanji. Alamar lafiya ce, jiya wake aka ci."

Tela ya fesar da shayi a gaban rigarsa. Ni ma na yi dariya, na cusa fuskata cikin hula ina girgiza, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ba ta fito daga bayin nan ba sai da muka tashi cin abincin rana. Daga ranar ba ta sake ratsa falon ba muna zaune, mu kuwa kullum muna zaune.

Abin da ya biyo baya, wani na gani da idona, wani matata ce ta ba ni labari daga baya, da irin muryar da take ba ni labari in ni ne mai laifi.

Da farko Inna ta koma shiga da sassafe kafin Malam ya fito. Amma tankin bayin nan in aka ja shi kamar babbar mota ta taka burki, kuma bango ɗaya ne da ɗakin barcinsa. Malam ya aika matarsa ta ce wa Inna ƙarar tana katse masa barci, katsewar barci kuwa tana ɓata narkewar abinci, a duba masa. Sai ta koma zagayowa gidana wurin matata, da sunan gaisuwa. Mako biyu tana samun sauƙi. Tela, wanda idonsa ba ya ganin ramin allura amma yana ganin duk wanda ya shiga gidan wani, ya kawo zancen falo cikin raha. Ran Malam ya ɓaci. Ya ce so ake a ce a unguwa gidan Malam guda ba bayi, har surukarsa tana yawon roƙon wurin tsugunno? Mutuncinsa fa? Aka soke gaisuwa.

Daga nan na fara ganin ƙafafun. Labulen bai kai ƙasa ba, kuma daga kujerata ina hango silifas ɗin Inna sun zo sun tsaya, da gindin buta a gefensu. Su tsaya, su tsaya, ana ta zancen hanta da matsarmama. Wani lokaci yatsun ƙafar su dunƙule. Can sai su juya a hankali su koma. Na gani ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Na ce wa kaina ai ba a kira ni ba, mai sana'a ba ya sa hannu a aikin da ba a kira shi ba, kada a ce yana neman aiki ido rufe. Da wannan hujja na ci gaba da shan shayi.

Inna dai ba ta yi boko ba, amma ta yi lissafinta: abin da bai shiga ba, ba zai nemi fita ba. Ta rage cin abinci. Da safe rabin kofin shayi da gefen burodi, da rana loma uku ta ce ta ƙoshi. Ruwa kuwa ta ɗauke shi abokin gaba, sai ta jiƙa leɓe kawai. Ba ta san tana haƙa wa kanta rami ba ne, don gwanin nan da Malam yake shafawa ba ya hutu. In abu ya daɗe a cikinsa tsotse ruwan yake yi, ya ƙara tsotsewa, har ya koma kamar tsakuwa. In ta samu shiga sau ɗaya a kwana huɗu, ranar da muka tafi gaisuwar rasuwa ko aka kira Malam taron 'yan fansho, sai ta yi ta nishi ba labari. Daga nishin basir ya tsiro. Tsohuwa ta koma zama a gefe ɗaya kamar kujera mai ƙafa uku.

'Yarta, matar Malam, ta lura, ba za a ce ba ta lura ba. Amma ita a ofis take wuni, can akwai bayi mai mabuɗi da sabulu, takan gama komai kafin ta dawo. Da Inna ta ɗan yi mata zancen a kaikaice, sai ta ce haba Inna, ki rufe ido ki wuce mana, su waye a falon in ban da Tela da mai famfo, ai 'yan gida ne. Ta ce kin san halin Malam, in aka matsa masa a kan kwalayen nan sai ya yi mako ba ya magana, ita kuma ba ta son tashin hankali. Da ta kai wa Malam rahoton cewa cikin Inna ya cushe, murna ya yi. Ya zauna ya rubuta jadawali da jan biro aka liƙa a ƙofar kicin: wake, kabeji, gwanda, lemo da ɓawonsa na ciki, ruwa kofi takwas a rana. Magana ta gaskiya, shawarar daidai take. Duk abin da ke cikin takardar nan mai tura mutum bayi ne, kuma bayin ne ba ta da shi.

Kaji uku ne a bayan gidan, su suka ci moriyar ilimin Malam, don su Inna take zuba wa abincin a ɓoye. Suka yi ɓul-ɓul, gashinsu yana sheƙi. Wata shukar fulawa da ta shekara tana neman mutuwa a bakin tagar Inna ta samu kofi takwas a rana, ta miƙe ta yi fure. Malam yakan duba kwanon da ya dawo wayam ya ce mana kun gani, mara lafiya mai bin doka ke nan. Da Tela ya ce shi fa yana ganin tsohuwar tana ramewa, Malam ya ce ai tsufa ne, hanjin tsoho kasala gare shi, akwai babi guda a kan haka a littafi, yana cikin kwali.

A wata na bakwai abin ya juya. Inna ta fara ganin wani ruwa-ruwa yana ɓata mata zane ba da saninta ba. Ta riƙa wankewa a ɓoye tana shanyawa a cikin ɗaki, har 'yarta ta ji wari ta gano. Labari ya iso falo. Malam ya buga cinya ya ce maganinsa ya yi aiki har ya zarce, cushewa ta koma gudawa, yanzu sai a taka burki. Ya tashi da kansa ya je kantin magani ya sayo ƙwayar tsai da gudawa, ya ce biyu da safe biyu da yamma. Wannan kam Inna ta sha da hannu bibbiyu, don a wata bakwai shi ne magani na farko da ya yi mata alkawarin ba za ta nemi falo ba.

Kwana uku tana sha. A rana ta huɗu da hantsi, Malam yana riƙe da tumbin roba, sai ga matata ta faɗo falon ko sallama ba ta gama ba. Ta je duba Inna ne ta ƙofar kicin ta tarar da ita a ƙasa tana amai, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Ba ta kalli Malam ba, ni ta kalla.

"Kai da kake da ƙafa, tashi ka nemo mota. In ka gama shayin."

Muka kai ta asibiti, ni da Malam da Tela, matar Malam ta taho daga ofis ta same mu. Wata likita ce ta karɓe mu, 'yar siririya mai tabarau, ba ta kai sa'ar 'yar Inna ba. Malam ya gabatar da kansa da shekarunsa talatin da biyu, ya ce gudawa ce mai taurin kai, ya riga ya fara magani. Likita ta danna cikin, ta saurara, ta fitar da mu ta duba abin da za ta duba. Da ta kira mu ciki sai ta ce wannan ba gudawa ba ce. Bayan gida ne ya taru ya daskare ya toshe hanya, ruwan da ake gani ta gefensa yake tsiyayowa. Ba wa mai irin wannan ciwo maganin tsai da gudawa kamar ka ga bututu ya toshe ne ka ƙara masa siminti. Ni na gane wannan sarai, na sunkuyar da kai. Malam ya ce e to, dama abin da yake shirin faɗa ke nan.

Likita ta zauna a bakin gado, ta fara yi wa Inna bayani a hankali, cewa abinci in ya bar tumbi yana shiga wani dogon hanji. Inna tana kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, ido a rufe. Sai muka ji ta karɓe zancen.

"Ƙarami, mita shida, shi ke tsotse amfani. Sai babba, shi ke tsotse ruwa. In abu ya daɗe a cikinsa sai ya bushe."

Likita ta cire tabarau ta ce, Inna, ashe kin sani, a ina kika koya? Inna ta ce a bayan labule. Likita ta ce to tun da kin sani, me ya sa kike riƙewa, me ya sa kika daina shan ruwa? Tsohuwa ta juya fuskarta bango. 'Yarta ta ce Inna ki yi magana mana.

"Bayin a cikin aji yake, 'yata," in ji ta ga likita. "Kuma malamin yana ba da misali da abin da ya ji."

Likita ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Matar Malam ta fashe da kuka, kukan wanda ya san amsa tun tuni. Tela ya ce shi dama idonsa ba ya gani sosai. Malam ya ƙura wa takalminsa ido. Likita ta ce duk mu fita, aikin da za a yi yanzu ba ya son 'yan kallo. Ba zan ba ku labarin aikin ba. Da safar hannu aka yi shi da ruwan da ake ɗurawa ta ƙasa, kuma muna tsaye a baranda muna jin tsohuwar da ta yi wata bakwai tana ɓoye ƙarar iska tana kiran sunan Allah da ƙarfi, duk ɗakin yana ji. Likita ta ce da an ƙara kwana biyu, sai dai wuƙa, a yanka cikin, in ma an yi sa'a.

Ban koma ta kan kowa ba. Na wuce gidan Malam, na jawo jakata daga ƙarƙashin kujera, na ɓalle kwaɗon da guduma. Kwali goma sha ɗaya na fitar na jibge a tsakiyar falo. Na durƙusa na zura waya, na juya sau uku, na jawo. Soson wanka ne, da guntun sandar da Malam ya karya a ciki ran Asabar ɗin farko bai gaya wa kowa ba. Na ja ruwa, ya tafi sumul. Na duba agogo don in san girman laifina: minti goma sha biyu.

Kwana biyar Inna ta yi a asibiti. Kafin ta dawo Malam ya farfaɗo. Na ji shi a bakin layi yana gaya wa mutane cewa irin wannan toshewar ba kasafai ake ganinta ba, shi ya fara zarginta, likitar ma ta yaba da yadda iyalinsa suka san kimiyya. Game da kwaɗon kuwa ya ce ya yafe mini, ko da yake na riga shi ne kawai, Asabar ɗin nan ya yi niyya. Matarsa ta sayo sabon labule mai kaiwa har ƙasa, wai tsohon ya koɗe. Wannan shi ne gyaran da ita ta iya.

Ranar da aka sallamo Inna na sa riga mai kyau na tsaya a ƙofar bayin, ina jiran a yaba. Na ƙara mata da sabon kan famfo da ƙarfen dafawa a bango, duk don in samu abin nunawa. Ta zo a hankali tana dafe da kafaɗar matata, ta rame har zobenta yana yawo a yatsa. Ta leƙa, ta murɗa famfo, ta ja ruwa ta tsaya tana sauraren tafiyarsa har ya ƙare. Ta ce sannu da aiki, Allah ya yi albarka. Sannan ta tambaye ni ko aikin ya ba ni wuya. Na so in ce ya ba ni, amma matata tana tsaye, sai na faɗi gaskiya, na ce minti goma sha biyu.

Inna ta gyaɗa kai. Ba ta yi fushi ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Ai na sani ba zai daɗe ba," in ji ta. "Kullum in na tsaya a bayan labule ba na ganin fuskokinku, jakarka nake gani a ƙarƙashin kujera. Sai in ce yau yaron nan zai buɗe ta."

Ta karɓi butarta daga hannun matata, ta shiga ta rufe ƙofa. Daga falo na ji Malam yana kirana, wai shayi yana hucewa kuma an zo kan babban hanji. Na ɗauki jakata na fita ta ƙofar kicin.